Da Ƙarfin Cinya: Yadda Ma'aikatan Habana Suka Riƙa Zuwa Aiki Bayan Yankewar Man Fetur

Ba kasafai mai mota yakan tsaya ya tambayi kansa ko ƙarfin da ke cikin lita guda ta man fetur ya kai nawa ba. Abin da ya sani shi ne kuɗinta, da kuma inda allurar tanki ta tsaya. Sai ranar da gidajen mai suka ja ƙofa, layi ya miƙe har ya sha kwana, sannan tambayar kan zo da kanta, domin wurin aiki bai matso kusa da gida ba ko da taku ɗaya, kuma ƙarfe takwas na safe ba ta jiran kowa. Tafiyar tana nan daram, dole ne a biya ta da wani abu. Ƙasar Kyuba, wadda tsibiri ce a tekun Karebiyan, kimanin kilomita 150 kudu da gaɓar Amurka, ta biya wannan bashi da jikin mutanenta tsakanin 1990 da 1995. An kuwa yi dace likitocin ƙasar ba su daina auna mutane suna rubutawa ba a tsawon waɗannan shekaru, shi ya sa labarin ya zama abin nazari ga masana kimiyya.

Yadda Mai Ya Yanke

Tun farkon shekarun 1960 Kyuba ta jingina tattalin arzikinta ga Tarayyar Sobiyet. Ciniki ne irin na ba ni gishiri in ba ka manda: Kyuba ta aika da sukari, a aiko mata da ɗanyen mai, da alkama, da injuna. Fiye da kashi 80 cikin 100 na cinikinta na waje da Sobiyet ne da sauran ƙasashen gurguzu na Gabashin Turai. A 1989 man da ya shigo ƙasar ya kai kimanin tan miliyan 13. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamban 1991 sai igiya ta tsinke. A 1992 abin da ya shigo bai wuce kimanin tan miliyan 6 ba. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta ƙara tsaurara takunkumin da ta daɗe da ƙaƙaba wa tsibirin, ta yi dokar da ta hana duk jirgin ruwan da ya yi ciniki a Kyuba shiga tashoshinta har tsawon kwana 180. Tsakanin 1989 da 1993 arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Gwamnatin Fidel Castro ta laƙaba wa zamanin suna "Lokaci na Musamman", sunan da ya fi abin da ke cikinsa daɗin ji nesa ba kusa ba.

Wajibi ne a lura da cewa masu motar kansu ba su da yawa a Kyuba tun asali. Ma'aikacin Habana, babban birnin ƙasar mai mutane sama da miliyan biyu, bas yake shiga, kuma da yawa daga cikin manyan bas-bas ɗin ƙirar Ikarus ne na ƙasar Hungari. Saboda haka duka biyu ne ya same su: ga rashin man dizal, ga rashin kayan gyara. Motar da ta lalace sai a jingine ta a riƙa ciro mata sassa ana gyara 'yan uwanta. Jiran bas ya koma na sa'o'i, wutar lantarki kuma ta riƙa ɗaukewa fiye da rabin yini a wasu watannin 1993.

Keke Miliyan Guda

Matakin da gwamnati ta ɗauka shi ne sayo kekuna sama da miliyan ɗaya daga ƙasar Sin, sannan ta buɗe masana'antun harhaɗa wasu a cikin gida. An riƙa sayar da su da rahusa ta hannun ma'aikatu da makarantu. Akasarinsu ƙirar Flying Pigeon ne na birnin Tianjin, da Forever da Phoenix na birnin Shanghai. Wanda ya san kasuwannin keke na ƙasar Hausa ya san Phoenix sarai: baƙin keken nan mai birkin sanda, mai kariya a baya, wanda nauyinsa ya doshi kilo 20, kuma ba shi da giyar sauya gudu. Keke ne mai jimiri, amma a wurin hawa sai mahayi ya miƙe tsaye a kan feda, ko kuwa ya sauka ya tura.

Habana ba garin keke ba ne kafin wannan lokaci. Galibi abin wasan yara aka ɗauke shi. Kwatsam sai ga likita, da malamin jami'a, da ma'aikacin tashar jiragen ruwa, kowa yana taka feda, wani da matarsa a kariya da ɗansa a kan wata 'yar kujerar katako da aka ɗaura a sandar gaba. An keɓe wa kekuna gefen wasu tituna, an buɗe wuraren ajiya masu gadi domin satar keke ta yawaita, masu faci kuwa kakarsu ta yanke saƙa, tun da sabuwar taya ta yi wuya. Haɗurra ma sun ƙaru, ganin cewa yawancin kekunan ba su da fitila, titunan kuma duhu ne saboda rashin wuta.

Akwai wata matsala ta musamman ga mazauna gabashin birnin, kamar unguwar Alamar mai dogayen gidaje. Hanyarsu ta shiga gari ta bi ta ƙarƙashin ruwan mashigin tashar jiragen ruwa, cikin wani rami mai tsawon mita 733 da aka buɗe a 1958, kuma ba a yarda keke ya bi ta ciki ba. Sai aka cire kujerun wasu bas-bas, mahayi ya shiga da kekensa ya tsaya riƙe da shi, a ƙetare da su, ya sauka ya ci gaba da tafiya. Mutanen Regla da Casablanca kuwa jirgin fito suke shiga da nasu kekunan.

Lissafin Makamashi

Me ya sa keke, ba wani abu ba? Amsar tana cikin lissafi. Masana kan auna makamashin abinci da kalori, watau zafin da zai ɗaga ɗumin lita guda ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas. Baligi mai aiki yana bukatar tsakanin kalori 2,000 da 2,500 a yini. Lita guda ta fetur kuwa tana ɗauke da kimanin kalori 7,700, watau abincin namiji baligi na kwana uku cur. Ƙaramar mota a cikin gari takan lanƙwame wannan lita a tafiyar kilomita 10 zuwa 12.

Ina ƙarfin yake tafiya? A tafiyar yau da kullum, kimanin rubu'in makamashin mai kawai injin fetur yakan mayar ya zama motsi. Sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Wannan rubu'in ma ba direba yake turawa ba. Idan mota tana da nauyin kilo 1,200, direba kuma kilo 70, to shi bai kai kashi 6 cikin 100 na abin da ake turawa ba. A haɗa lissafin biyu, sai a ga cewa daga cikin kowace lita ɗari da mai tafiya shi kaɗai ya zuba a tanki, abin da ya ɗauki jikinsa bai kai lita biyu ba. Sauran ya tafi ne wajen ɗumama iska da jan ƙarfe.

A watan Maris na 1973 wani malamin injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya buga maƙala a mujallar Scientific American inda ya kwatanta makamashin da halittu da injuna daban-daban suke kashewa wajen ɗaukar giram guda na nauyinsu tsawon kilomita guda. Ya dogara ne da alƙaluman Vance Tucker na Jami'ar Duke. Mutum mai tafiya a ƙasa bai yi abin a zo a gani ba, domin doki da kifin salmon sun fi shi tattali. Amma da aka ɗora shi a kan keke sai abin da yake kashewa ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya wuce kowace dabba da kowane inji da ke cikin jerin. Dalilin a bayyane yake. Mai tafiya a ƙasa yana ɗaga gangar jikinsa yana saukewa a kowane taku, yana jefa ƙafa gaba yana tsayar da ita, kuma tsokarsa ce ke riƙe da nauyinsa. Mai keke kuwa sirdi ne ya ɗauke masa nauyi, ƙafafunsa suna juyawa ba tsayawa, sarƙa mai mai tana isar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ya taka zuwa ga taya, idan ya daina takawa ma keken yana ci gaba da gangarawa. Babban abokin gabansa iska ce, domin in ya ninka gudu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa mai tafiya sannu a kan keke mai isasshiyar iska a taya yakan isa ofis da sauran ƙarfinsa.

To, amma alƙaluman Wilson na keke mai kyau ne a kan titi sumul. A kan keke mai nauyi, da titi mai ramuka, da tsaye-tsaye a mahaɗa, abin da mahayi yake kashewa yakan kai tsakanin sulusi da rabin na mai tafiya a ƙasa. A ɗauki ma'aikacin da ke da kilomita 10 tsakanin gidansa da wurin aiki. Zuwa da dawowa a ƙasa zai ci masa sa'a huɗu da kimanin kalori 1,000. A keke kuwa ƙasa da sa'a ɗaya da rabi ne, da kimanin kalori 400, watau abin da ke cikin ɗanyar shinkafa giram ɗari da ɗoriya. Kaɗan ne, in akwai shinkafar. A riƙe wannan sharaɗi, domin a kansa labarin Kyuba ya juya.

Raƙumi Mai Tozo Biyu

Ba kowa ne zai iya keke ba. Akwai tsofaffi, da masu juna biyu, da waɗanda nisansu ya fi ƙarfin cinya. Domin su ne injiniyoyin ƙasar suka ƙera wata irin mota a tsakiyar shekarun 1990: kan tirela yana jan wani dogon akwatin ƙarfe mai tudu gaba da baya, tsakiyarsa a lotse. Sunanta na hukuma Metrobús, amma jama'a suka kira ta camello, watau raƙumi, irin na tsakiyar Asiya mai tozo biyu, ba na Agadas ba. Tana ɗaukar mutum 200, a lokacin cunkoso har ta doshi 300, galibi a tsaye, cikin zafi da gumi da fargabar masu yankan aljihu. Ba wanda ya taɓa yabon daɗinta. Amma ko da a ce tana shan man ƙananan motoci shida, in aka raba shi ga mutum 200 rabon kowa ɗan tsiyaye ne, kuma nauyin fasinjoji ya zama babban kaso na abin da inji yake ja. Lissafin motar mutum ɗaya ke nan aka juya shi a baibai.

Wata dabarar ita ce ta tilasta rage hanya. An girke jami'ai masu kakin ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira amarillos saboda launin tufafinsu, a mafitar garuruwa da manyan mahaɗu. Aikinsu su tsayar da duk motar gwamnati mai wurin zama, su cika ta da masu jira bisa layi. A 1993 kuma, da aka halatta ƙananan sana'o'in kai, sai kekuna masu ƙafa uku na haya suka bazu a titunan Habana, a karkara kuwa keken doki ya dawo.

Abin da Jiki Ya Biya

Da a ce mai kaɗai ya yanke, da labarin ya tsaya a nan. Sai dai jiragen da suka daina kawo mai su ne suka daina kawo alkama, da abincin dabbobi, da takin zamani, taraktoci kuma suka tsaya har aka koma ga shanun noma. Manuel Franco, masanin yaɗuwar cututtuka ɗan ƙasar Sifen, tare da likitocin Kyuba irin su Pedro Ordúñez na birnin Cienfuegos, sun tattara alƙaluman wannan zamani suka buga a 2007, suka faɗaɗa a 2013. Abincin da kowane mutum yake samu a yini ya faɗo daga kalori 2,899 zuwa 1,863. A daidai lokacin, yawan baligai masu motsa jiki ya tashi daga kashi 30 zuwa kashi 67 cikin 100. Ci ya ragu, aiki ya ƙaru. Kalori 400 ɗin nan na keke, wanda ba a bakin komai yake ba ga ƙosasshe, ya zama fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shiga ciki.

Jiki ba ya cin bashi a waje. Kitsensa yake ƙonawa. Wani abin sha'awa shi ne kilo guda na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, daidai da lita guda ta fetur. A matsakaicin lissafi baligin Kyuba ya rage kimanin kilo 5.5 a waɗannan shekaru. Ke nan, a ƙiyasce, ramar da ta bayyana a fuskar al'umma guda ba ta fi ƙarfin lita biyar da rabi ga kowane mutum ba, abin da ƙaramar mota za ta shanye kafin ta cika kilomita 70.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Masu matsananciyar ƙiba sun ragu daga kashi 14 zuwa kashi 7 cikin 100. Tsakanin 1997 da 2002 mace-macen ciwon sukari sun ragu da kashi 51 cikin 100, na ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 35, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 20. Ba keke da yunwa kaɗai za a danganta wa wannan ba, domin shan taba ma ya ragu a shekarun. Duk da haka da wuya a sami wata ƙasa da aka ga irin wannan sauyi a jikin jama'a baki ɗaya cikin ɗan lokaci haka.

Ɗaya fuskar kuwa muni gare ta. A ƙarshen 1991 wasu magidanta a lardin Pinar del Río, yankin noman taba, suka fara zuwa asibiti suna kukan ganinsu ya dusashe, ba sa bambance launuka. Wasu kuma tafin ƙafarsu ne yake zafi kamar sun taka garwashi, ko ya mutu murus. Kafin ƙarshen 1993 waɗanda suka kamu sun haura 50,000 a faɗin tsibirin. An zargi ƙwayar cuta, an zargi guba, amma binciken likitocin gida da na waje ya tsaya a kan ƙarancin bitamin rukunin B, tare da shan taba, musamman sigar ganye, da barasa. Ga yadda abin yake: jiki ba ya iya ƙona sitaci da sukari sai da taimakon bitamin B1, wanda ake kira tayamin, kuma gwargwadon makamashin da mutum yake ƙonawa gwargwadon tayamin da yake bukata. Jiki kuwa ba ya ajiye shi da yawa. Cikin 'yan makonni yakan ƙare. Mutanen Kyuba sun rasa nama, da ƙwai, da madara, sun koma ga farar shinkafa da ruwan sukari domin su sami ƙarfin taka feda, alhali sukari ba shi da bitamin ko ɗaya. Keke ba shi ne ya kawo cutar ba, amma likitoci sun lissafa ƙarin wahalar tafiya cikin abubuwan da suka tsananta ta. Da gwamnati ta fara raba ƙwayoyin bitamin ga kowa da kowa a 1993, sababbin kamuwa suka faɗi warwas cikin 'yan watanni.

Masu kafa hujja da Kyuba su ce wahala magani ce ya kamata su yi hattara. A watan Agustan 1994 an yi bore a bakin tekun Habana, kuma a wannan bazarar mutane sama da 30,000 suka hau kwale-kwale da tayoyin mota da aka ɗaure da katako suka nufi Amurka. Ba masu jin daɗin rage ƙiba ba ne suke yin haka.

Wannan lissafi bai tsaya a Karebiyan ba. Bayan da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan makonni, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu. Wanda ya koma keke a Kano ko Zariya yana da wata fa'ida da ɗan Habana bai samu ba: a yawancin shekara iskar arewa busasshiya ce, gumi yana bushewa, kuma kowace lita ta gumi da ta bushe a fata tana ɗauke zafin kimanin kalori 580. Sai dai dole ya mayar da ruwan, musamman a bazara. Abincin gargajiya ma yana gefensa, domin gero, da dawa, da wake, da gyaɗa duk suna da tayamin, muddin ba a surfe hatsin har an raba shi da dusarsa kakaf ba. Wanda ya maye gurbin koko da ƙosai da lemon kwalba da farin burodi, kuma yana taka kilomita 20 kullum, hanyar Pinar del Río ya kama, ko da yake daga nesa. Jihohin Kwara da Edo kuwa, a watan Yunin 2023, rage ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako, dabarar da ba ta cin mai kuma ba ta cin tuwo.

Da Mai Ya Dawo

A watan Oktoban 2000 Kyuba ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Hugo Chávez ta Benezuwela, aka fara kawo mata gangar mai 53,000 a kullum bisa sauƙin biya. Sannu a hankali motoci suka dawo. A 2008 aka kwashe raƙuma daga titunan Habana aka tura su larduna, bas-bas ƙirar Yutong na ƙasar Sin suka maye gurbinsu. Hanyoyin da aka keɓe wa kekuna suka shafe, mutane da yawa kuma suka jingine kekunan da gangan, domin a wurinsu keke da yunwa tagwaye ne. Awon da aka ci gaba da yi a Cienfuegos ya nuna cewa daga 1995 zuwa 2010 matsakaicin baligi ya ƙara kimanin kilo 9, sababbin masu kamuwa da ciwon sukari kuma suka ninka fiye da sau biyu.

Da man Benezuwela ya ja baya, layin mai ya sake bayyana a watan Satumban 2019, ya kuma tsananta a 2023, har a watan Maris na 2024 gwamnati ta ninka kuɗin fetur fiye da sau biyar. A wannan karon ba ga Flying Pigeon jama'a suka koma ba. Babura masu aiki da batir, waɗanda suke kira motorina, su ne suka cika tituna. Sai dai batir yana bukatar caji, kuma akasarin lantarkin tsibirin daga ƙona mai ake samunsa. A watan Oktoban 2024 wutar ƙasar baki ɗaya ta ɗauke na tsawon kwanaki, baburan suka tsaya a zaure tare da firji da fanka.